Jan Matashin da Ka Aiko wa Barewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya ƙara maka buɗi, Ya tsare ku daga sanyin can da kuma maƙwabtan da ba sa amsa gaisuwa. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da gwiwarta, wadda yanzu ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Maigidana ya daina shan sukari, a gabana dai. Babbar 'yata ta fara koyon ɗinki, har ta rage wa labulen falo tsawo ba tare da kowa ya sa ta ba. Shago kuma yana nan yadda ka bar shi: mace ta gwada rabin takalman da ke ciki, ta kalli ƙafarta a madubi ta gefe da ta baya, sannan ta ce bari ta je ta dawo. Na zaɓi takarda ne ban yi maka saƙon murya ba, domin na san a gidanka a tsakiyar falo ake kunna saƙon murya, yara suna kwaikwayon yadda gwaggonsu ke magana. Wannan kuwa tsakanina da kai ce.

Saƙonka ya iso, kuma dole in yaba. Tun da nake buɗe kwali a kasuwa ban taɓa ganin kayan da aka naɗe da mutunci irin wannan ba: kwali cikin kwali, soso ta sama soso ta ƙasa, kai ka ce ƙwai aka aiko. Da muka kai ga ainihin abin, sai ga wasu dunƙulallu guda biyu, ja wur, suna sheƙi kamar alewa. Inna ta ɗauka kayan ado ne, har ta fara goge saman talabijin. Baba ne ya karɓe su da hannu biyu ya ce a'a, na motarsa Barewa ne, abin nan da injin mota ke zama a kai, wanda kanikawa ke kira injin sit, shi kuwa tun muna yara matashin inji yake ce masa. Kafin a kai su gareji sai da suka kwana biyu a kan teburinsa, kuma duk wanda ya shigo gidan sai an ɗora masa su a tafin hannu ya ji nauyi. Har mai karanta mitar wuta bai tsira ba. Aka gaya masa Auta ne ya aiko, daga inda ake ƙera irin motar, kuma irin wanda 'yan tsere ke sawa ne.

Bakaniken nan da ake kira Baƙin Mai shi ya ɗaura su, kuma tun daga ranar Barewa ta tashi daga tsohuwar mota mai kujera biyu ta koma asibiti. Duk mai son tausa ya zo, kyauta ne, daga tafin ƙafa har ƙeya. Madubin tsakiya ya samu albarka, mota ɗaya ce a bayanka amma uku za ka gani, sai ka zaɓi wadda za ka kauce wa. Idan muka tsaya a danja 'yan kunnena waƙa suke yi, sitiyari yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, murfin ɗan akwatin gaba yana buɗe kansa ya gaishe mu. Haƙoran Baba na roba kuwa sun koyi tafi, yanzu kafin in murɗa makulli sai ya cire su ya naɗe a hankici ya sa a aljihu, wai don kada ƙura ta ɓata su. Ni dai na ce ƙanena ya iya sayayya.

To, kada ka ɓata rai, domin a gaskiya abinka ba shi da laifi. Baƙin Mai da kansa ya rantse bai taɓa riƙe mai kyansa ba. Tsoffin da aka cire sun tsattsage sun kwanta, shi ya sa da can in aka tayar da mota sai ka ji ƙwal kamar an buga ƙofa, giya kuma tana rawa a hannu kamar ludayi a tukunya. Yanzu duk wannan ya wuce. Giya tana shiga tsaf, mota tana amsa totur tun kafin ka gama tambaya. Amma ga yadda ya yi mini bayani, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti. Ya ce inji ba ya daina jijjiga, halinsa ke nan tun daga masana'anta, aikin matashin kawai shi ne ya yanke hukuncin wa zai sha jijjigar. Mai taushi yana haɗiye ta, yana haɗiyewa har ranar da zai fashe. Mai tauri irin naka ba ya fashewa, domin ba ya haɗiye komai, miƙawa yake. Ya miƙa wa jikin mota, jikin mota ya miƙa wa kujera, kujera kuma ka san wa take miƙa wa. Ya ce ɗan tsere yana son haka, don yana so ya ji motar a ƙashinsa. Na ce masa ai mu ma a ƙashi muke jin ta.

A nan ne nake so ka ajiye shayinka ka karanta a hankali. Baban da kake gani a waya daga wuya ne zuwa sama. Kafin ka kira ya riga ya zauna, an gyara masa matashin kai a baya, ya sa hular nan mai ruwan toka, ya zaɓi inda hasken taga ke yi masa kyau. Ba ka ganin yadda ya kai ga kujerar. Ba ka ganin hannun da ke bin bango daga ɗaki zuwa falo, har fentin ya yi duhu a daidai tsayin kafaɗarsa. Likitan ƙashi ya nuna mana hoton bayansa, ya ce abin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa a can ƙasa ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Baba ya kalli hoton ya yi dariya, ya ce wa likita ashe nasa injin sit ɗin ne ya mutu, ko ana samun na gwanjo? Likita ya yi dariya, ni ma na yi, Inna ce kawai ba ta yi ba. Kai kuwa da ka zauna zaɓa, na san wanda ka zaɓa wa. Ka zaɓa wa mutumin da ke ɗaukar ka daga makaranta ya sha kwanar gidan mai har jakarka ta koma ƙasan kujera, direban tirelar da ya ƙare ƙuruciya yana kallon motoci daga sama, sannan ya sayi wadda ta fi kowace kusa da ƙasa don ya huce. Wancan mutumin, da ya ga jajayen nan, da ya yi murna da gaske. Shi ma wannan na yanzu ya yi murna, bayansa ne bai yi ba.

Ka san tun da idonsa ya fara hazo ni ke tuƙa shi, ranar da nake rufe shago. Duk mako wannan fitar ce kaɗai abin da yake yi wa aski. Tun da safe zai sa a fito da farar rigarsa, ya fesa turare kamar mai zuwa neman aure, ya tsaya a bakin rumfar mota yana ba ni umarni a kan yadda ake goge fitila. Shiga motar ma aiki ne, ka san yadda take ƙasa-ƙasa kamar an taka ta. Sai ya juya mata baya, ya riƙe ƙarfen gilashin gaba, ya sauka a hankali, sannan ya ɗaga ƙafafunsa da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka kuskura ka taimaka ka shiga uku. Daga nan mu bi ta bayan masana'antar kwali, mu haura gada, mu tsaya a tsohuwar tashar manyan motoci. Ba ya fita. Mai shayi ne ke kawo masa kofi har taga, tsoffin abokan aikinsa su taso da sandunansu su kewaye motar, wannan ya jingina da bonet a kore shi, wancan ya ce har yanzu Direba bai sayar da takalmin nan ya sayi mota ba. A wajen nan, Auta, ba majiyyaci ba ne. Muryarsa ma wata ce daban. In muka dawo yakan ci abinci har ya nemi ƙari.

Fitarmu ta farko da jajayen, tun kafin mu bar layinmu na ga ya kama hannun ƙofa. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, in ji yadda mota ta dawo hayyacinta, in ji aikin ɗan'uwana. A danja na saci kallonsa, gumi na bin gefen hularsa, ga shi ba a zafi. A tasha ya sa aka buɗe bonet, tsofaffi suka leƙa suna sa albarka, shi kuwa yana murmushi da baki a rufe saboda haƙoran suna aljihu, shayin ma rabi ya sha. Da muka dawo gida sai da maigidana ya zo muka fito da shi, abin da bai taɓa yarda da shi ba. Ya kwanta, washegari ma yana kwance, Inna na shafa masa man zafi tana yi mini kallon da na sani tun ina yarinya. Mako na gaba ma haka, ya ƙara da cije leɓe. Na ce masa Baba, a mayar da mai taushi mana. Ya ce abin da ɗansa ya bi shaguna a ƙasar mutane ya zaɓo, ya biya kuɗin jirgi ya aiko, ba wanda zai sa masa sifana yana raye. Na ce ai Auta ba zai ji haushi ba. Ya ce shi ne zai ji.

Makon da ya wuce na je da makulli a hannu, na same shi ba aski, rigar tana rataye. Ya ce a bar Barewa ta huta, yana ganin hadari. Na leƙa waje, sama fes kamar an wanke, gwiwar Inna ma ba ta ce komai ba. Ranar a ɗaki ya wuni yana kallon bango, abincinsa ya dawo kamar yadda aka kai. Ka ga inda muke ke nan. Ya gwammace ya bar fitar da ya ce kyautarka ta yi masa ciwo. Ni kuma na ga abin da zaman ɗaki ke yi wa tsofaffi. Mai gyaran agogon da ke kusa da shagona da ƙafarsa ya shiga ɗaki don ya ɗan huta, ba ciwon kirki, daga hutun nan ba mu sake ganinsa a layi ba.

Ka san ni ba na zama. Na karɓi tsohon matashin a wurin Baƙin Mai, na naɗe a jarida na jefa a jaka, na nufi layin 'yan kayan mota. Ya riga ya ja mini kunne a kan tsayi, ya ce motar nan hancinta a kwance yake, in matashin ya ɗara da kaurin yatsa inji zai riƙa gaisawa da bonet, in ya gaza kuma fanka za ta ci lagireto. Mai shago na farko da na samu ya kalle ni ya ga mace da mayafi, ya ɗauko mini wani ƙato na motar ɗaukar kaya, ya ce Hajiya ai duk inji inji ne. Na ce masa haka ne, duk ƙafa ma ƙafa ce, ya zo shagona in ba shi takalmin 'yata ya sa. Na biyu ya shiga can ƙurya ya fito da na ainihi, a ledarsa ta asali, yana hura masa ƙura yana cewa irinsa ya ƙare a duniya. Ledar kaɗai ta girmi aurena. Na sa farce na danna, sai ga tsaga kamar busasshen burodi. Wannan kam ba sai bakanike ya gaya mini ba, takalmin da ya daɗe a kwali ba a taka ba ranar farko yake barin tafinsa a titi, roba ba ta son jira. Sai can ƙarshen layi na samu wani dattijo mai sabuwar roba, baƙa, tana ƙamshin sabunta, in ka danna ta shiga ta dawo kamar kumatun jariri. Muka gwada da tsohon, tsayi ɗaya, ramin noti ɗaya. Ya so ya sayar mini guda, wai ɓangare ɗaya ne ya fi mutuwa. Na ce masa shekara da shekaru ina sayar da takalmi ban taɓa ba mai ƙafa biyu wari ɗaya ba. Yanzu haka suna ƙarƙashin kantata a cikin kwalin takalmi, ba kyau ba sheƙi, kamar duk wani abu mai haƙuri.

Baƙin Mai ya kawo shawara, ya ce a kawo motar da sunan canjin mai, ya musanya a ɓoye, ya fesa wa baƙaƙen jan fenti, tsoho da ido ya yi hazo ba zai gane ba. Ba zan ɓoye maka ba, shawarar ta yi mini daɗi, ni 'yar kasuwa ce, na sha sayar da takalmi mai ruwan ƙasa a matsayin mai ruwan zuma. Amma Baba ba da ido ya yi tuƙi ba, da baya ya yi. Kafin mu kai bakin ƙofa zai sani. Kuma na san abin da zai yi, shiru zai yi, ya yaba wa jan fentin, ya koma ɗaki da sanin cewa 'ya'yansa sun fara yi masa dabara irin ta yaro da magani. Wannan ciwon ba man zafin da ke kai masa.

Akwai kuma abin da Inna ta gaya mini, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro. Na tambaye ta yadda aka yi ma har ka san motar na neman gyara. Ta ce tana wurin tana ninke kaya ranar da kuka yi wayar. Ka tambaye shi ya Barewa, ya ce tana nan ƙalau, matashi kawai take buƙata. Kai kuma nan take ka ce wane iri, wace lamba, za ka nemo mafi kyau. Ta ce sai ya kalli taga, sannan ya karanto maka lambar daga ka. To ga shi a takarda kalmar iri ɗaya ce, ko na rubuta sau nawa ba za ka ga bambanci ba, amma ka faɗe ta da bakinka ka ji. Matashin da ake jingina da shi a miƙe yake fita. Matashi ɗan saurayi kuwa sai murya ta ɗan sunkuya a tsakiya. Inna ta ce ta yi zama da mutumin nan tun kafin gashinta ya san fari, ta san yadda yake neman abin jingina, kuma ranar muryarsa ta sunkuya. Ban ga laifinka ba. Layin waya yana cinye irin wannan, kunnenka ma ya kwana biyu a waje, ga shi kuma robar da gaske ta mutu, kowa ya yi daidai. Ni dai ina tuƙa shi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, kullum yana mitar ban taɓa nuna wa motar giyar ƙarshe ba. Wanda ya koya wa shan kwana a cikinta ba ni ba ce. Robar na samo, ɗayan kuwa na zaga kasuwar kaf ban ga layin da ake sayar da shi ba.

Ba cewa nake ka bar aiki ka hau jirgi gobe ba, na san yadda takardu da makarantar yara suke riƙe mutum. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma kai kaɗai za ka iya. Ka kira shi, ba Inna ba, ba ni ba. Kada ka ce an ce maka, kada ka ambaci bayansa, in ka ambata ka ɓata komai. Ka ce ka yi tunani, jajayen nan ba na tuƙin Yaya ba ne, ɓata su kawai take yi da tafiyar kunkurunta, ni na yafe, zage ni yadda kake so. Ka ce a cire a ajiye maka su a kwalinsu, a sa masu taushi kafin nan, ranar da ka zo kai da shi za ku mayar da su. Daga bakinka zai karɓa, har ya yi mini dariya a tasha. Sai dai ka san shi da riƙe magana. In ka ce ranar da ka zo, zai sa kwalin a inda zai riƙa ganinsa daga gado, don haka ka auna kalmar kafin ka faɗe ta, ka ba ta wata ko da ba ka ba ta rana ba.

Ka gaishe mini da ƙanwata uwargidanka, ka ce mata mayafin ya iso kuma mata sun tambaye ni inda na saya har na gaji. Ka shafa mini kan takwarata, da ɗanka Sarkin Ɓarna, da ɗan jaririn da har yau a waya kawai na san shi. Inna tana gaishe ku, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Maigidana da yara suna gaisuwa. Baƙin Mai ma ya ce in gaishe da mai jan kaya, sifanarsa tana jira. Allah Ya yi maka albarka, Ya raya zuri'a, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka mai takalma.

Har na ninke takardar na tuna. Jiya Baba ya aiko mini in sayo masa babban tampol a kasuwa, mai kauri, irin wanda ake rufe mota da shi a ɗaure da igiya. Na aika masa cewa mai tampol ya yi tafiya. To Auta, yaushe zan ce ya dawo?